Awon Damuwar 'Yar Fari

A shekarar da aka rufe iyaka, aka kuma ɗauke mana wutar da ke zuwa daga Najeriya, 'yata ta fari ta daina zuwa lakwal, wato makarantar boko. Ba na manta shekarar, don a cikinta ne 'yan ci-ranin unguwarmu suka riƙa dawowa ta hanyar daji ɗaya-ɗaya, kuma a cikinta ne na shiga aji na biyu a makarantar manya.

Sana'ata awo. A kasuwar Matameye nake zama da tiyata, in auna gero da dawa da wake tsakanin mai saye da mai sayarwa. Shekara ashirin ina yi, ba a taɓa kai ƙarata a kan awo ba. Sai da na haura arba'in na fara riƙe alƙalami. Karatuna a lokacin kamar jaki ne da kaya cikin rairayi, yana tsayawa yana hutawa, amma yana isa.

A gidanmu ana kunyar ɗan fari sosai. Wasu gidajen sun saki al'adar, mu ba mu saki ba. Tun da aka yaye yarinyar aka kai ta ɗakin Inna, mahaifiyata, can ƙarshen tsakar gida. Ni da uwarta ba ma faɗin sunanta, ba ma kallonta ido cikin ido, ba ma yabonta gaban mutane. In ina jin ƙishirwa sai in ɗaga kai in ce wa iska, "Babu mai kawo ruwa a gidan nan?" Sai ruwa ya zo. Shekara goma sha huɗu muna haka, ban taɓa ganin laifin abin ba.

Wata rana na dawo kasuwa na ce babu mai kawo ruwa a gidan nan, ruwa bai zo ba. Na maimaita da ƙarfi. Sai Inna ta fito da moɗa tana ɗingishi, ta ce, "Daina yi wa iska ihu. Kwananta biyar ba ta fito ba."

Daga bakin Inna na ji sauran. Da safe yarinyar za ta sa kayan lakwal, ta kai bakin ƙofar gida, sai gabanta ya yi ta faɗuwa, hannunta ya yi sanyi, ta yi amai, ta koma ɗaki ta kwanta fuska ga bango. Jikinta ba zafi. Tuwo yadda aka kai shi haka ake ɗauko shi. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka gwada jini aka ce babu masassara. Diraktan lakwal ya aiko cewa in ba ta dawo kafin jarrabawar ƙarshen zango ba, shekarar ta wuce ta. Ita ce ta biyu a ajinsu. Na san haka tuntuni, ina dai yi kamar ban sani ba.

Muka kai ta gidan likita, Inna na riƙe da ita, ni ina bayansu taku goma kamar hanya ce kawai ta haɗa mu. Majo, wato babbar ma'aikaciyar jinyar da ke shugabantar wurin, mace ce, kusan sa'ata, mai saurin magana. Ta duba idon yarinyar, ta ɗora ta a sikeli, ta ce, "'Yata, me ke damunki?"

"Lafiya lau," in ji yarinyar, kanta a ƙasa.

Majo ta dube mu ta ce akwai ciwon da ba ya fitowa a jini. Damuwa ce da fargaba, kuma yara ma suna yinsa, ba sai wanda ya ajiye iyali ba. Ta ce auna shi ake yi. Ina jin an ce awo sai na matso.

Ta fito da takarda biyu da aka buga da Hausa, ɗaya ta yarinya, ɗaya ta iyaye. Kowace tambaya goma sha biyu, gaban kowace tambaya an zana ƙwarya huɗu. Ta farko wofi, ma'ana sam. Ta biyu ɗan kaɗan, ma'ana wani lokaci. Ta uku ta wuce rabi, sau da yawa ke nan. Ta huɗu cike, kullum. Kowace ƙwarya da lambarta, a ƙarshe a tara. In jimla ta wuce wani jan layi, akwai likitan da ke zuwa daga Damagaram sau ɗaya a wata, shi zai gan ta.

Na ce mata ƙwarya ta huɗun ba ta cika ba, an shafe mata baki, babu tozo. Ta ce, "Mai awo, wannan ba gero ba ne." Sannan ta duba layin mutanen da ke jira a waje ta ce, "Ku jira in sallami waɗannan in cika muku, ko akwai mai karatu a gida?"

Da na yi shiru da komai ya ƙare a ranar. Amma wata goma sha huɗu ina jiran wani ya yi mini wannan tambaya. Na ce, "Ni ina karatu."

A gida na ba Inna takardar yarinyar, na ce ta miƙa mata, daga likita take. Da azahar na tarar da Inna ta sunkuya a kan ƙwarya tana cuɗa wani abu.

"Rubutun nan taurin kai gare shi," in ji ta. "Tun hantsi nake wanke shi, ko wasali ɗaya bai fita ba."

"Inna, cikawa ake yi!"

"Ai na cika. Har baki na cika ta da ruwa."

"Ta sha?"

"Ta sha rabi. Na shanye saura, ni ma kwanan nan ƙirjina nauyi yake mini."

Yarinyar ta fi kowa a gidan sanin ko takardar mece ce. An miƙa mata, ta sha, ba ta ce uffan ba. Da na yi tunani da kyau a ranar, wannan kaɗai ya isa awo. Amma ni hankalina yana kan tawa takardar.

Tawa kuwa tun daga layin farko ta tsayar da ni, don an ce a rubuta sunan yaro. Na san haruffan, hannuna ne ya ƙi. Na rubuta ɗaya na tashi na duba rago. Washegari na ƙara biyu. Ina cikin na huɗu matata ta zo wucewa da tsintsiya, na kife hannu a kai.

"Maigida, me kake ɓoyewa?"

"Sunan waccan."

"Subhanallahi! Da rana tsaka?"

Kwana uku sunan ya ci. A na huɗu na shimfiɗa tabarma a bakin zaure, na kira Inna ta zama 'yar aike, tunda ita kaka ce, babu kunya tsakaninsu sai wasa. Na karanta tambaya ta farko a hankali: ko yaronka yana yawan jin tsoro ba dalili. Inna ta ratsa tsakar gida, na jiyo ta daga can tana cewa, "Ƙawata, wai ke matsoraciya ce?" Ta dawo ta ce, "Ta ce lafiya lau." Na yi alama a ƙwaryar wofi.

Ta biyu: ko yaronka yana ganin babu mai son sa.

"Wane marar uwa ne ya rubuta wannan?" in ji Inna. Ta tafi dai. Na ji ta ce, "Ke, an ce ki tashi ki ci abinci." Ta dawo. Lafiya lau.

Daga ta biyar Inna ta daina kaiwa ɗakin. Sai ta je wajen randa, ta sha ruwa, ta ɗan tsaya, ta juyo. Na ce, "Inna, ba ki isa ba fa." Ta ce, "Gwiwata ta riga ta san amsa."

Ta ƙarshe na daɗe ina haɗa haruffanta, da na gama haɗawa kuma na so a ce ban iya ba. Tana tambaya ko yaronka yana cewa gara ya mutu ya huta. Inna ta tofar da yawu gefe ta ce, "Bakina ba zai ɗauki wannan ya ratsa tsakar gida da shi ba. Sa wofi."

Jimla ta tashi sifiri. Abin ya yi mini wani iri, don mai awo ba ya sallamar mutum da ƙwarya wofi. Na ƙara biyu.

Majo ta karanta, ta juya bayan takardar ko akwai saura. Ta ce, "In wannan gaskiya ce, daga nan har Kance babu yarinya mai farin cikin 'yarka. Ni kaina na taɓa cika ta, na fi haka. Biyun nan fa daga ina?"

"Gyara ce."

Ta dafe kai. Da ta ji yadda aka yi da Inna da randa, sai ta ba ni sabuwar takarda ta ce, "Ba abin da aka faɗa maka ba. Abin da idonka ya gani." A makon nan likitan Damagaram ya zo ya koma.

Na yi kwana bakwai ina juya maganar. An ce in gani, ni kuma ba na kallo. Sai na tuna babur ɗin maƙwabcina yana jingine tun da aka rufe iyaka, wani ƙarfensa ya karye ba a samu irinsa ba. Na ari madubinsa. A lissafina, wanda ya kalli madubi madubi ya kalla.

Kullum bayan la'asar sai in zauna gindin bedi, darbejiyar tsakar gidanmu, bayana ga ɗakin Inna, madubi a hannu. Matata ta yi kwana biyu tana kallona, a na uku ta ce, "In furfura kake ƙirgawa, bari in taya ka, ta ƙeya ta fi yawa." Wata maƙwabciya ta tambaye ta ko aure zan ƙara.

Kwana goma sha biyu na yi a gindin bedin nan. Na ga tana fitowa sau biyu a yini, tana bin jikin bango kamar mai tsoron tsakiyar gida. Na ga ta ɗauki tsintsiya, ta tsaya riƙe da ita har na gaji da ɗaga madubi, ta ajiye ba ta share komai ba. Na ga ƙannenta sun ɗaura wa kaza ɗankwali, gida ya kaure da dariya, ita fuskarta ko motsi. Na ga awarwaronta yana gangarowa har gwiwar hannu. A cikin madubin ne kuma na fara ganin kamanninta sosai. Ashe goshin mahaifina gare ta, har da ɗan layin nan na tsakiya. Shekara goma sha huɗu kowa ya sani ban da ni.

A rana ta goma sha biyu na ajiye madubin na tafi alwala. Ragonmu ya zo ya leƙa, ya ga wani rago a gidansa, ya ja da baya ya yi abin da ya ga ya dace.

Na cika takardar da fensir, tsakanina da Allah, wata tambayar ƙwarya ta biyu, wata ta uku. Tara lamba a takarda ne bai zauna mini ba tukuna, sai na tafi da ita kasuwa wurin wani Alhaji mai sayen wake, wanda muka daɗe tare. Ya sa tabarau ya duba, ya ce, "Kai mai awo ne ko baƙo? Duk abin da ka kai wa ma'aikata sai sun shafe masa baki. Ka cika ta yi tozo, in sun shafe ta tsaya daidai."

Na ce an ce abin da ido ya gani.

"Idonka ya ga cikinta? 'Yarka kake so a gani ko takarda kake so a yaba?"

Kafin in ankara masu awo huɗu sun kewaye mu, kowa da shawararsa. Aka goge nawa, aka bi layi aka cika ƙwarya ta huɗu daga sama har ƙasa. Wani ya ce tambaya ta ukun nan ai ƙwaryar kullum ma ta yi mata kaɗan, ya karɓi fensir ya zana ƙwarya ta biyar a gefe, da tozonta. Na bar su. Ina ganin taimakona suke yi, kuma taimakon nawa suke yi.

Wannan karon majo ba ta yi dariya ba. Ta ce, "A nan an ce kullum tana kuka. A nan kuma an ce kullum tana dariya da wasa da ƙawaye. Wa ya zana wannan?"

Kafin in buɗe baki ta ajiye takardar ta ci gaba.

"Mai awo, mako nawa ke nan tun da na ba ka ta farko?"

"Shida ba kwana biyu."

Ta ce ta riga ta sa sunan yarinyar cikin waɗanda za a gani, da takarda ko babu. "Amma mutumin nan yini ɗaya yake yi. Zai tambaye ta, ta ce lafiya lau, ya shiga mota ya koma. Sai wani ya fara ji daga bakinta. Ga ta yara, ita kaɗai ta rage mini. In aka jiƙa wannan, kai zan kwantar."

Washegari ranar kasuwa ce, ban je ba. Da hantsi na roƙi Inna ta je ta taya matata tsince wake. Na ratsa tsakar gida. Taku goma sha biyu ne daga bedi zuwa ƙofar, na ƙirga. Na zauna a dokin ƙofa, bayana ga ɗaki, na ce wa iska, "Malamar makarantarmu ta ba mu karatun gida. Nan ya fi inuwa."

Na buɗe takardar. Ita ta yara ba tambaya take yi ba, magana ce kamar mutum yana faɗin kansa. Na karanta da ƙarfi, "Ina jin tsoro ba dalili."

Daga can wajen murhu Inna ta ce, "Kai ma?"

Na ci gaba. A layi na biyu na tarar da wata kalma mai tsawo, na yi ta hawa ina gangarowa. Na kama farkonta, ƙarshen ya kuɓuce. Sau huɗu ina komawa, gumi yana bin wuyana. Ba da gangan na yi ba, iyakar karatuna ke nan.

"Fargaba," aka ce daga bayana.

Muryar ta dushe kamar ta wanda ya daɗe bai yi magana ba. Ban juya ba. Na ce, "Fargaba. Fargaba tana hana ni zuwa inda nake son zuwa." Na ɗan jira, sannan na ɗaga kai na ce, "Babu wanda ya san ƙwaryar da ake sa wa wannan a ɗakin nan?"

Daga bayana muryar ta sake fitowa.

"Ta huɗu."

Na yi alama. Na koma layin farko, ta ce ta uku. Muka bi su haka. Ina karantawa, in na maƙale ta ciro ni, in tambayi iska, iska ta amsa. Barci, ta uku. Ciwon ciki, ta biyu. Wasa da ƙawaye, wofi. Da na karanta cewa ina ganin babu mai so na, sai ta ce, "Ban sani ba." Na ce babu ƙwaryar ban sani ba. Ta ce, "To, ta biyu."

Ta ƙarshe ban maƙale ba, na riga na san ta. Na karanta ta da ƙaramar murya.

"Ta uku, Baba."

Shekara ashirin ban taɓa rage wa kowa awo ba, amma ran nan hannuna da kansa ya nufi ta biyu. Na dawo da shi. Ina cikin yin alamar sai na ji numfashi kusa da kafaɗata.

"Ba layin ba ne. Ka hau na sama."

Ta miƙo hannu ta karɓi fensirin, ta goge, ta gyara. Ta tara lambobin da ka, ta rubuta jimla a ƙasa. Ta wuce jan layi da nisa. Ba ta koma jikin bango ba, ta zauna nan bayana. Ta ce in ta ji ƙararrawar lakwal daga nesa sai ta ji kamar an ɗora mata dutsen niƙa a ƙirji. Ta ce ba wanda ya yi mata komai, shi ya sa take jin kunyar faɗa. Na ce, "To." Can na ƙara cewa, "To, an ji." Muna zaune har aka kira azahar.

Likitan Damagaram ya zo a makon. Ya ajiye takardar tsakaninsu, suka daɗe suna magana. Ya koya mata yadda za ta ja numfashi in abin ya taso, ya ce a fara da ƙofar gida, sannan famfon unguwa, sannan bakin lakwal, kar a yi gaggawa. Ni kuma ya kira ni gefe ya tambaye ni ko ina ajiye maganin ƙwarin wake a gida. Na ce a ɗakin Inna ma yake, bisa katanga. A ranar na kwashe shi. Ya ce in ci gaba da karatun gida a inda na fara.

An yi jarrabawa babu ita. Sai da shekara ta juyo ta koma, aji ɗaya da waɗanda ta girma. Har yanzu akwai ranakun da take kaiwa bakin ƙofa ta dawo, kuma har yau ban san dalili guda da zan nuna in ce shi ne ba.

Abin da muka rasa ga shi: takarda uku, madubin babur ɗaya, kasuwa huɗu, kilo biyar da majo ta ce sun bar jikinta, shekarar karatu ɗaya, da mako shida da ta yi ita kaɗai a ɗaki bayan an riga an ba ni takardar a hannu.